Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan ta'aziyya ne, amma ba wadda muka saba da ita ba ta kwana uku. A nan Bacirawa da sauran garuruwan ƙasar Ungogo, in aka yi rasuwa ba a rasa jama'a. A kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo daga Panisau da Rijiyar Zaki da cikin birni, a yi addu'a, a ba da haƙuri, mata su cika tsakar gida. Wannan abin yabo ne, Allah Ya saka. To, amma ranar da aka naɗe tabarmin nan kowa ya kama gabansa, ranar ce mai rashi ya ke fara sanin abin da ya same shi. A ranar ne tsoho zai juya ya kira ɗansa da suna, sa'an nan ya tuna. A ranar ne matar mamaci za ta auna tsaba daidai yadda ta saba, ta ga tuwo ya yi saura. Tambayarmu ita ce, wane hakki ne ya rage a kanmu daga wannan rana, kuma da me za mu sauke shi mu da ba likitoci ba, ba kuwa masu dukiya ba?

Mu fara da kalmar kanta. Ta'aziyya Larabci ce, asalinta daga kalmar aza'u, watau haƙuri. Ginin kalmar kuwa irin wanda ke nuna sanya wani ya yi abu ne, kamar yadda tarbiyya ta ke nufin sanya yaro ya girma a kan hanya. Saboda haka mai ta'aziyya shi ne wanda ya sanya ɗan'uwansa ya samu haƙuri, ba wanda ya furta kalmar haƙuri kurum ya kaɗe rigarsa ba. Gaskiya ne malamai da yawa sun karhanta a riƙa maimaita gaisuwar mutuwa bayan kwana uku, sai fa ga wanda ba ya gari. Dalilinsu shi ne kada a riƙa fama wa mutum gyambo. Amma ba wani malami da ya ce taimako da ɗebe kewa suna da wa'adi. Abin da aka hana sabunta baƙin ciki ne, abin da mu ke magana a kai kuwa sauƙaƙa shi ne.

Kuma kada wani ya ɗauka baƙin ciki raunin imani ne. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, Allah kuwa bai zarge shi ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim ya ke barin duniya, a shekara ta 10 bayan Hijira, ya kuma bayyana cewa hawaye da ɓacin zuciya rahama ce, abin kiyayewa shi ne harshe kada ya faɗi abin da zai fusata Ubangiji.

In muka duba yadda Annabi da iyalansa su ke yi wa mai rashi, za mu ga ba su tsaya ga magana ba, jiki ma suna kula da shi. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya umurci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuwa, Allah Ya yarda da ita, in aka yi rasuwa a danginta, sai ta jira har mata 'yan gaisuwa su watse, ya rage 'yan gida kaɗai, sa'an nan ta sa a dama talbina, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana hutar da zuciyar mara lafiya, tana kuma rage wani sashi na baƙin ciki. Bukhari da Muslim duka sun kawo wannan. Talbina wani kunu ne na garin sha'ir, an samo sunanta daga laban, watau nono, saboda farinta. Ku lura da lokacin da Uwar Muminai ta ke zaɓa: bayan jama'a sun watse. Mu kuwa a yau mun juya al'amarin, gidan mamaci ne ke ɗora tukunya domin baƙi, ranar da baƙi suka tafi kuwa ba mai leƙowa da ko ƙwaryar koko.

Yanzu ga abin da na ke so mu yi nazari a kansa sosai. Allah Ta'ala, a wurare da yawa cikin Alƙur'ani, in zai tabbatar wa bayinsa da tashin matattu, ba ya tura su wani wuri mai nisa, gona ya ke nuna musu. Ku duba aya ta 5 a Suratul Hajji, da aya ta 39 a Fussilat, da aya ta 50 a Suratur Rum, da aya ta 9 zuwa 11 a Suratu Ƙaf. Ma'anar duka ɗaya ce: ƙasa ta bushe ƙurmus, ruwa ya sauka, ta motsa ta yi tsiro, to Wanda Ya rayar da ita Shi ne zai rayar da na cikin kabari. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wani sahabi, Abu Razin, ya tambayi Annabi yadda Allah zai rayar da matattu, sai Annabi ya tambaye shi ko bai taɓa wuce kwarin mutanensa yana a bushe ba, sa'an nan ya sake wuce shi yana kore shar. Ya ce ya taɓa. Amsar ke nan.

Wane ne ya fi mutumin ƙasar Kano dacewa da wannan darasi? Duk wanda ya bi hanyar gona a watan Afrilu ya ga ƙasa fari fat, ba kome sai tushiyar kara da guguwa, sa'an nan ya koma a ƙarshen Yuli ya tarar gero ya rufe mutum, ya ga tafsirin ayoyin nan da idonsa. Akwai kuma gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina sa'ad da kowane itace ke kore, har baƙo ya ɗauka ya mutu, sai rani ya yi ya tofo. Mai rashi da ke zaune a ɗaki ya san ayoyin nan da ka, wataƙila ma ya haddace su tun yana allo. Abin da ya rasa shi ne ya gan su.

Bari in ba ku abin da na gani. A watan Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita a Kano, musamman na dattawa, ga kuma dokar hana fita saboda annobar korona, mutane da dama sun binne nasu ba tare da zaman makoki ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya rasa matarsa da suka yi shekara arba'in da wani abu tare. Bai yi kuka ba, kowa na yaba haƙurinsa. Amma ko da aka buɗe masallatai bai dawo sahu ba, abinci sai an matsa masa, magana kuwa daga i sai a'a. Mun je mun yi masa wa'azi, ni da kaina na karanta masa ayoyin haƙuri, ya ce ya gode, muka tashi kamar yadda muka zo. Da ruwan shuka ya sauka, sai wani tsaransa, manomi wanda ko Ahalari bai sauke ba, ya yi masa sallama da asuba ya ce, "Malam, yarana duk sun tafi birni, ga ƙasa ta jiƙa. Zo ka bi ni da iri, ni in yi sara." Kunya ta hana shi ƙi. Wancan na gaba da sungumi, shi yana biye yana jefa ƙwayar gero a rami yana rufewa da ƙafa. Ba wanda ya ambaci mutuwa. A rana ta uku, suna hutawa a gindin ɗorawa, shi da kansa ya fara labarin irin furar da marigayiya ta kan aiko masa gona, sai hawaye. Daga wannan mako ya dawo masallaci. Ban ce gero ne ya warkar da shi ba, Allah ne Mai warkarwa. Amma na koyi cewa manomin nan ya fi ni fahimtar ma'anar ta'aziyya, ni da na ke karantar da asalin kalmar a aji.

Abin da ya yi kuwa yana da hikima ta fuska fiye da ɗaya. Bai je da sunan taimako ba, ya je da sunan neman taimako, domin mutumin da aka yi mako da makonni ana tausaya masa yana bukatar ya ji cewa har yanzu yana da amfani. Ya ba shi aikin da hannu ke yi ba tare da wahalar da tunani ba. Ya fitar da shi rana da iska, ya gaji gajiyar da ke kawo barci da yunwa. Sa'an nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba, kowa kuwa ya san namiji Bahaushe ya fi iya buɗe cikinsa in ba a kafa masa ido ba.

Masu binciken zamani ma sun lura da wani abu makamancin haka. A shekarar 1984 wani masani Ba'amurke, Roger Ulrich, ya buga sakamakon nazarin da ya yi a kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Waɗanda tagar ɗakinsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda ke kallon bango barin asibiti da kusan kwana guda, sun kuma sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kaɗan. A Japan tun 1982 hukumar gandun dajinsu ta fara kiran mutane zuwa abin da suka sa wa suna wankan daji, watau yawo a hankali cikin itatuwa domin hutun zuciya. Lalle waɗancan majinyata ne, ba masu makoki ba, kada mu ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba. Na kawo shi ne domin matasanmu da ba su yarda da abu sai sun ji Bature ya faɗa. Mu dai mun san Annabi ya kan shiga lambun Abu Ɗalha mai suna Bairuha'a ya sha ruwansa mai daɗi, kuma kalmar Aljanna kanta a Larabci ma'anarta lambu mai duhuwar itatuwa.

Sai batun mata masu takaba, wanda a nan ne jahilci ya fi yi mana ɓarna. Shari'a ta ɗora wa wadda mijinta ya rasu idda ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, mai ciki kuwa sai ta haihu. A cikin wannan lokaci za ta bar ado da turare da lalle da kwalli, ba za a ɗaura mata aure ba, za ta kuma riƙa kwana a gidan da mijin ya bar ta. Iyakar abin ke nan. Amma a waɗansu gidaje sai a mai da ita kamar fursuna, a ce kada ta fito tsakar gida, kada ta ɗaga murya, ta riƙe wuƙa duk inda za ta, da sauran camfe-camfen da ba su da tushe. Wata huɗu a ɗaki mai duhu, ko mai lafiya aka yi wa haka sai ya kwanta.

Ku saurari abin da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Wani mutumin Madina, Sa'ibu ɗan Khabbab, ya rasu, sai matarsa ta je wurin Abdullahi ɗan Umar ta gaya masa suna da gona a Ƙanat, wani kwari a gefen Madina, ta tambaya ko ya halatta ta riƙa kwana a can. Ya hana ta kwana. Saboda haka sai ta riƙa fita daga Madina da jijjifi, ta wuni a gonar, in yamma ta yi ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wannan a Madina ne, a zamanin sahabbai, kuma littafin da ke ɗauke da labarin shi ne tushen mazhabar da mu ke bi. Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa an saki innarsa, tana cikin idda ta so ta fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawata mata, da ta kai ƙara wurin Annabi sai ya ce ta je ta yanka, wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Da irin waɗannan ne malaman Malikiyya suka ce mai idda tana fita da rana domin bukatarta. Ba ina cewa a fitar da matan kulle gona ba ne, kowane gida da al'adarsa ta kirki. Amma dattijuwar da ta saba zuwa roron wake ko gyaɗa, babu dalilin hana ta. Wadda ba ta fita kuwa, ga bayan ɗaki: kubewa, rama, yakuwa, kabewa, zogale. Ga akuya ko 'yan kaji da za su sa ta tashi da safe ko ba ta so. 'Yar'uwar da ta kawo mata 'yar tunkiya ta ce, "Yaya, ki riƙe mini wannan," ta yi mata abin da ya fi buhun shinkafa.

Maza kuma ga gayya. Mutum ya rasu a tsakiyar damina ya bar gona da ƙananan yara, ciyawa ba ta san makoki ba. In samarin unguwa suka haɗu suka yi mata noman firi da maimai, suka tafi da 'ya'yan mamacin suna aiki tare da su, sun shiga cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya daidaita mai ɗawainiya da gwauruwa da miskini da mai jihadi saboda Allah. Amma fa a yi hattara. Yanzu da birni ya matso mu, ana yanka gonaki filoti-filoti, ƙasa ta yi tsada, mun ga inda baffa ya fara da "bari in riƙa noma muku," ya ƙare da kiran dillali. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi ga mai cin dukiyar maraya.

Abu na ƙarshe da zan tsaya a kansa shi ne dashen itace. Mai rashi ya kan ji hannunsa ya mutu, ba abin da zai iya yi wa wanda ya tafi. Shari'a ta buɗe masa ƙofa. Bukhari ya ruwaito cewa mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya nan, ya tambayi Annabi ko sadaka a madadinta za ta amfane ta, aka ce masa i, nan take ya ba da lambunsa mai suna Mikhraf. A ruwayar Abu Dawuda kuma rijiya ya haƙa da sunanta. Ga hadisin Anas da ke cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi. Ba kowa ke da lambu ko kuɗin rijiya ba, amma kowa na iya samun dashen mangwaro ko darbejiya ko tsamiya. Iyayenmu sun san darajar wannan. Wani masanin ƙasa Bature, Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a manoman nan ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, tattalinsu su ke yi. Kukar da mu ke cin miyarta yau, wanda ya bar ta ta girma ya daɗe a ƙasa.

Wanda zai yi, ya dasa a Yuli ko farkon Agusta sa'ad da ruwa ya zauna, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya zuba toka saboda gara, ya kuma san cewa aikin na ranin farko ne, ban ruwa safe ko yamma har damina ta zagayo. Wannan ban ruwan ma shi ne rabin amfanin abin ga mai rashi, musamman yara marayu, waɗanda mu kan manta cewa su ma an yi musu mutuwa. A ba yaro bokiti a ce wannan itacen sadakar babanka ce, in ka zuba ruwa ka yi masa addu'a. Mangwaro mai aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, yaron zai ga abin da hannunsa ya yi.

Sharuɗɗa kuwa ga su. A dasa inda jama'a za su amfana, bakin masallaci ko makaranta ko hanya, da izinin masu wurin. In gonar gado ce da ba a raba ba, sai da yardar magada, rabon ƙaramin yaro kuwa ba mai ikon yin sadaka da shi. Kada a mai da abin ibadar kabari. Gaskiya ne Annabi ya kafa ɗanyen reshen dabino a kan kaburbura biyu, kuma sahabi Buraida ya yi wasiyya a yi masa haka, amma malamai irin su Khaɗɗabi sun ce wannan ya keɓanta da Annabi ne, abin da babu saɓani a kansa shi ne sadaka. Kada kuma a ƙudurta cewa ran mamaci yana cikin itacen, wannan ragowar aƙidar masu bautar iskoki ce a gindin tsamiya da kuka. Saboda haka ma na ke ba da shawara a dasa uku ko huɗu, ba ɗaya ba. Dashe ya kan mutu, in kuwa guda ɗaya ne, mai raunin zuciya zai ce alama ce Allah bai karɓa ba, a koma gidan jiya. Lada yana ga niyya, in ya bushe a sake wani.

Akwai kuma inda gona da itace ba su isa ba, tilas in faɗi wannan. Tun daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsanani, wanda ya zarce aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, a cikin jerin cututtukan da a ke yi wa magani. In ka ga ɗan'uwanka ya daina ci da barci, yana ramewa, ko yana cewa gara ya bi mamacin, kada ka jira wata shida, kada kuma ka tsaya ga cewa aljanu ne. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba shi da nisa da mu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin birni, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne, kamar yadda kai mai karaya wurin maɗori ba abin kunya ba ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin amfanin gonar da mai ita ya rasu kafin girbi: wa zai fitar da zakkarsa, kuma yaya za a raba shi tsakanin magada.